A Wace Rumfa Za A Sa Agadas?

Duk inda aka shirya baje kolin al'adu, akwai mutum ɗaya da ba ya fitowa a hoto amma shi ke da iko, wato mai riƙe da takardar sunaye. Shi zai ce wane ya samu rumfa, wane ya raɓa a rumfar wani, wane kuma ya tsaya bakin ƙofa ya yi kallo. Ƴan kallo ba su san da shi ba. Su dai sun biya kuɗin shiga, sun zagaya, sun ci abin da aka soya, sun koma gida suna cewa sun ga duniya. Alhali duniyar da mai takarda ya yarda su gani ita suka gani. Wannan rubutu nawa a kan takardar nan ne, da kuma garinmu Agadas, wanda sau da yawa ake rasa layin da za a rubuta shi.

Bari in fara da nesa, don wani lokaci sai ka hango abu a gidan wani kake gane naka. A jihar Filorida ta Amurka, kusa da birnin Orlando, kamfanin Disney yana da wani filin shaƙatawa mai suna EPCOT, wanda aka buɗe a 1982. A wani ɓangare na filin an zagaye tabki da ƴan unguwanni, kowace an gina ta da siffar wata ƙasa, da abincinta da kaɗe-kaɗenta, kuma akan ɗauko matasa daga ainihin ƙasar su yi aiki a ciki. Ƙasashe 11 ne: Meziko, Norwe, Sin, Jamus, Italiya, Amurka, Japan, Maroko, Faransa, Birtaniya da Kanada. Daga nahiyarmu Maroko kaɗai ke ciki. An ƙara ta a 1984, kuma Sarki Hasan na Biyu ne ya aika magina da masu zane daga ƙasarsa suka yi aikin da hannunsu, har da kwaikwayon hasumiyar masallacin Kutubiyya ta Marakesh. An taɓa sanar da cewa za a gina unguwar Afirka ta baƙar fata, amma har yau ba a gina ba.

To, akwai wani tsibiri a tekun Karibiyan da ake kira Fuwarto Riko, kuma mutane sukan yi gardama a kan ko ya cancanci unguwa a bakin tabkin nan. Masu cewa a'a suna da hujja. Tsibirin yana hannun Amurka tun 1898, mutanensa ƴan ƙasar Amurka ne tun 1917, da fasfo ɗin Amurka suke tafiya, ga shi kuma Amurka tana da unguwarta a filin. In an ba su, gobe wa za a hana? Masu cewa e su ma ba su zo hannu sake ba. Mutum sama da miliyan 3 ne, Sifaniyanci suke yi a gida da kasuwa, abincinsu da kiɗansu daban, kuma tun 1948 suke zuwa gasar Olimfik da tawagar kansu. A 2016 wata ƴarsu, Monica Puig, ta ci zinare a wasan tanis a Riyo, aka kaɗa takensu. Babban birninsu San Juan an kafa shi a 1521, Amurka kuwa sai 1776 ta zama ƙasa. Unguwar Amurka da ake ce musu su raɓa a ciki an gina ta ne da jan bulo irin na Turawan Ingila da suka fara zama can, babu abin da zai tuna wa ɗan tsibirin gidan kakarsa.

Wani zai ce, yo mi ya haɗa ɗan Agadas da tsibiri, mu da ko tabki sai damina ta yi kyau? Shekarar 1521 ce ta tsayar da ni. Hasumiyar masallacinmu, mai tsawon mita 27, an fara ɗaga ta wajen 1515. Ke nan San Juan da hasumiyarmu kusan sa'o'i ne, kuma dukansu sun girmi ƙasashen da ke riƙe da su da ɗaruruwan shekaru. Bambancin da ke tsakaninmu babba ne, ba zan ɓoye ba. Su mallakar wata ƙasa ce, ba su jefa ƙuri'ar shugaban Amurka daga tsibirinsu. Mu kuwa cikakkun ƴan Nijar ne, jiharmu ta ci fiye da rabin faɗin ƙasar, kuma ɗan jihar nan, Birji Rafini, ya yi shekara goma yana firaminista. Amma tambayar rumfa iri ɗaya ce, kuma ni na ɗanɗana ta.

Na yi shekara biyu ina karatu a wata makaranta a kudancin ƙasar nan. Duk shekara akan yi makon al'adu, kwamitin ɗalibai ya raba rumfuna bisa ƙabila: Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Abzinawa, Barebari, Tubawa, Larabawa, Gurmawa. Mu biyar ne daga cikin garin Agadas. Da yake Hausa muka buɗe baki da ita, muka nufi wurin taron Hausawa da kuɗin karo-karonmu a hannu. Wani ɗan Maraɗi, abokina ne ma, ya kalle ni ya yi dariya ya ce, "Kai Ba'agadashe, mi ya kawo ka nan? Ga taku can, wadda za a sa ma raƙumi." Muka koma wurin Abzinawa. Suka karɓe mu da shayi, amma da aka zo rabon aiki, wani ɗan Ifarwan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, ku ai mutanen birni ne. Mu tanti za mu kafa. Kai ka taɓa kwana cikin tanti in ba hutu ka je wurin kakanninka ba?" Gaskiya ya faɗa. Mahaifiyata daga duwatsun Abzin take, Tamajak take mana faɗa da shi in ranta ya ɓaci, amma ni cikin gidan ƙasa aka haife ni, a lungun da babur biyu ba su iya giftawa, kuma kakana na wajen uba magini ne.

Muka je wurin shugaban kwamiti muka ce a ba mu rumfa da sunan garinmu. Ya ce, "In na ba Agadas, gobe ƴan Damagaram su zo, jibi ƴan Dogon Dutsi. Ban da haka ma," sai ya rage murya, "kun san maganar arewa ba ta da wuyar ɗaukar wani launi." Hujja biyu ke nan, kuma su ne dai hujjojin da ake ba ƴan tsibirin can: ba ku cikin jeri, kuma in an buɗe muku ƙofa ba a san abin da zai biyo baya ba. Ina so in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, don ba na raina ko guda.

Ta farko ita ce jeri. Mu Hausawa mun daɗe da sanin takardar sunaye. Tun muna lakwal aka haddatar da mu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Aka ƙara mana da Banza Bakwai. Agadas ba ta nan, ba ta can. Amma Gobirawa da kansu suna cewa daga Abzin suka gangaro, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wannan magana cikin Infaƙul Maisuri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo garin nan ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Cikin birnin Kano har gobe akwai unguwar da ake kira Agadasawa. Rawanin turkuɗin da Ba'abzine ke alfahari da shi, wanda ke barin shuni a goshi, a ƙasar Kano ake rina shi a buga, musamman a Kura. Gishirin Bilma da Fashi kuwa ayarin raƙuma ke ratso Tenere da shi, ya bi ta ƙasar nan ya sauka kudu, ya komo da hatsi da tufafi. A fadar Sarkin Abzin za ka ji sarautu da bakin Hausa: Dangaladima, Magajiya, Sarkin Kasuwa, ga dogarai. Wanda ya ce ba mu da rabo a rumfar Hausawa bai san tarihin rumfarsa ba.

Haka nan wanda ya ce ba mu da rabo a ta Abzinawa. Ƙabilun Abzinawa ne suka kafa sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, don su samu mai raba musu gardama, kuma tsofaffin unguwanni 11 na garin nan an ce sun bi sawun zangon da ƙabilun suka kafa tantunansu, shi ya sa lungunanmu ba su miƙe ba. Ku saurari sunayen unguwannin ku ji: Katanga, Amdit, Obitara, Akanfaya, Fune Ime, Hugubere. Harshe ɗaya bai isa ya fassara su duka ba. Da Bature Heinrich Barth ya zo a watan Oktoba na 1850, ya tarar mutanen gari suna wani harshe dangin Songai, wanda ya rubuta da sunan Emgedesi, ana kuma ciniki da Hausa. Wannan harshe ya mutu a Agadas, sai ɗan'uwansa Tasawak da ya rage a Ingal. Ke nan rumfar Zabarmawa ma muna da ƴar kujera a ciki, in ana bin asali.

Kun ga matsalar. Jerin ƙabilu bai san abin da ake kira birnin ayari ba. Agadas mahaɗa ce, wurin da makiyayi da fatake da malamai da maƙera suka zauna shekara ɗari biyar har suka zama wani abu na kansu, da Hausarsu mai gishirin Tamajak, da gininsu, da bikinsu na Biyanu a farkon shekarar Musulunci, inda ƴan gabas da ƴan yamma ke fita da tambura su kwana a Alarsas su shigo gari da ganyen dabino a hannu. Babu Biyanu a Maraɗi, babu shi a Ifarwan. In ka raba mu gida uku ka kai kowane kashi rumfar da ta dace da shi, Biyanu a hannun wa zai faɗa? Da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, wannan cakuɗuwar da ginin ƙasar da ta haifa su ta duba.

Sai dai kada mu yi saurin cewa samun rumfa shi ne nasara. A 1931 Faransa ta shirya gagarumin baje kolin ƙasashen da take mulka a Banse, gefen birnin Paris. An gina wa Afirka ta Yamma katafaren gini da aka kwaikwayo daga ginin ƙasa irin na Jenne da Tumbutu, aka kwaso mutane daga ƙasashen nan suna saƙa da ƙira da rawa, miliyoyin Turawa suna zagayawa suna kallo. Rumfa kam an ba mu, babba ma. Amma shekara 14 kacal kafin nan, a 1917, sojojin Faransa sun shigo Agadas bayan yaƙin Kawsan suka karkashe mutanen gari har da malamai, aka kama Sarki Tagama daga baya ya mutu a hannunsu a 1920. Wanda ya yi wannan shi ne ya riƙe takardar sunaye a Paris, shi ya zana rumfa, shi ya rubuta bayanin da ke jikin allo. Irin wannan rumfa gara babu ita.

Kawuna ya fi ni sanin wannan fanni. Ya yi shekaru yana jagorar ƴan yawon buɗe ido, zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa garin nan, jirage na sauke Turawa kai tsaye daga Faransa lokacin sanyi. Ya ce mini, "Ɗana, in na fito da riga da wando na tarye su, ba su ɗaukar hotona. In na naɗa rawani na rataya takobi, kuɗɗin yini sai ya ninka. To wa zai ƙi? Sai muka zama abin da suke son gani." Ya kai su gidan Sidi Ka, wanda aka ɗauki wani yanki na fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1990 a ciki, su yi ta sha'awar zanen bango, amma ya ce ba ya tuna ranar da wani ya tambaye shi wa ya yi zanen. Da tawaye na biyu ya tashi a 2007, aka kuma sace ma'aikata a Arlit a 2010, sai baƙi suka ɗauke ƙafa. Hoton raƙumi ya sauka, aka rataya mana wani: garin masu safarar baƙin haure, musamman bayan dokar 2015 wadda aka soke a 2023, da garin sansanin jiragen Amurka marasa matuƙi, waɗanda su ma suka tattara a 2024. Duk waɗannan hotuna akwai gaskiya a cikinsu. Amma ba mu muka zaɓe su ba, kuma in aka gaji da ɗaya ba a shawartarmu kafin a canza.

Shi ya sa nake ganin darajar abin da aka yi a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama. Shi ma kamar filin shaƙatawa yake: ga namun daji, ga ɗakunan gargajiya na al'ummun ƙasar nan an gina su kusa da juna, don yaron da bai taɓa barin Yamai ba ya zagaya Nijar da ƙafa cikin yini ɗaya. Ranar da na je, bayan tafiyar kusan kilomita 950 a mota, na yi ta cin karo da jiharmu. Ga Iccen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973 aka kawo shi nan aka yi masa rumfa. Ga ƙasusuwan dinozor da aka tono a Gadufawa. Ga ɗakin yuraniyom. Na ji daɗi, wallahi. Amma inda na fi daɗewa shi ne wurin masu sana'a, inda na tarar da maƙeri zaune yana zuba azurfa, yana fitar da sarƙar nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas, su maƙera kuma su ce tanaghilt. Na yi masa magana da Hausar gida ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan wace unguwa ne?" Icce ba ya tambaya, ƙashi ba ya ba da amsa. Mutum guda da ke aikinsa da hannunsa, yana iya gyara maka in ka faɗi ba daidai ba, ya fi mini gilashi goma. Waɗanda suka tsara wurin nan sun gane haka tun da daɗewa, kamar yadda sarkin Maroko ya gane da ya ce maginansa ne za su ɗaga hasumiyarsa a Filorida. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Yanzu hujja ta biyu, wadda aka faɗa mana da ƙaramar murya. Ba zan yi kamar ban fahimce ta ba. An yi tawaye a arewa daga 1990 zuwa 1995, aka sake daga 2007 zuwa 2009. Gidaje da yawa, arewa da kudu, sun binne ƴaƴansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka in ɗan Agadas ya ce a ba shi wuri na kansa, ko da teburi ne a makon al'adu, akwai kunnen da zai ji kamar tuta yake nema. Ni dai ina da tuta, mai ruwan lemo da fari da kore, kuma ruwan lemon da ke samanta an ce hamadarmu yake nufi. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ita muke tunawa duk shekara da ranar haɗin kan ƙasa, kuma a garin nan aka ƙone makamai ranar 25 ga Satumba 2000. Mun fi kowa sanin kuɗin zaman lafiya, don mu muka biya kaso mafi tsoka. Abin da nake cewa shi ne, shirun da ake sa mutum ya yi game da sunansa ba ya kashe wuta, rufe ta yake da toka.

Kuma ƙasar nan da kanta ta nuna cewa ana iya ba da rumfa ba tare da an yaga tuta ba. A watan Disamba na 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da Nijar ta fice daga cikinta a 2025. Yayana yana cikin matasan da suka yi aikin sa kai, kuma har yau yana ba da labarin mamakin da ya yi da ya ga Kanada ta shigo fili da tawaga uku: ta Kanada, ta Kebek, da ta Niyu Buranzuwik. Ƙasa ɗaya, fasfo ɗaya, allo uku, kuma da aka tashi duk gida ɗaya suka koma. Masu son ƙwallo sun san Gwadalup da Martinik, tsibiran Karibiyan da ke cikin Faransa, suna buga gasar yankinsu da sunan kansu ko da yake ba su cikin FIFA, har Gwadalup ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2007. Mu dawo gida: kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Jiha takwas, kowace da ƴan kokowarta da makaɗanta da kirarinta. Da aka yi ta a nan Agadas a ƙarshen 2023, kowa ya yi ihun jiharsa har murya ta dishe, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi, muka tafa masa. Akwai abin da ya fi kokowa haɗa ƴan Nijar? Ga shi kuwa an gina ta ne a kan kowa ya zo da sunansa.

Maganar "gobe ƴan Damagaram su zo" kuma, amsata ita ce su zo mana. Damagaram tana da Birni da fadarta da tarihinta tun kafin Bature. In fili ya yi kaɗan a rage faɗin rumfuna, ko a yi karɓa-karɓa, bana waɗannan baɗi waɗancan, kamar yadda aka riƙa zagayawa da bikin 18 ga Disamba har ya zo mana a 2016 da sunan Agadas Sokni. Ƙarancin fili matsalar mai shiri ce. Bai kamata a mai da ita hukunci a kan wanda ya wanzu da wanda bai wanzu ba.

A makon al'adun nan dai ba a ba mu rumfa ba. Abin da muka samu, bayan an kai ruwa rana, shi ne izinin shimfiɗa tabarma a ratar da ke tsakanin rumfar Hausawa da ta Abzinawa. Muka karɓa. Ba mu kawo raƙumi ba, ba mu ara takobi ba. Wata ƴar'uwarmu ta dama fura da cuku da dabino yadda ake yi a gida. Wani ya sa aka aiko masa lemun Timiya da albasar Tabelot cikin motar kaya. Muka ajiye takalman fata, da ƴar batta ta fata mai zane wadda tsofaffi ke zuba turare. Ni kuma na kwaɓa ƙasa na ɗaga ƴar hasumiya mai tsawon kamu biyu, na soka mata itatuwa a jiki, na zauna ina yi wa duk wanda ya tsaya bayanin abin da kakana ya gaya mini: itatuwan nan ba ado ba ne, tsani ne da magina ke takawa in za a yi yaɓe, don ginin ƙasa in an bar shi shekara kaɗan ba a taɓa ba ruwa zai cinye shi. Wata malama ta ce ta sha ganin hoton hasumiyar tun tana yarinya, ba ta taɓa sanin amfanin itatuwan ba sai ranar. Da yamma ƴan rumfunan biyu suka dawo kan tabarmarmu shan fura, ɗan Maraɗi da ɗan Ifarwan suna gardamar waye ya fara zuba cuku a fura.

To, ga ma'aunina, in wani mai takarda zai karɓa. Kada a tambayi wuri ko yana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, wannan ma'aunin diflomasiyya ne, kuma baje kolin al'adu ba taron jakadu ba ne. A tambaya: akwai rayuwa a wurin nan da in an cusa ta rumfar maƙwabci za ta ɓace? Kuma akwai ƴan wurin da za su gina rumfar da hannunsu, su tsaya ciki, su amsa tambaya? In amsar duka biyun e ce, a ba su. Da wannan ma'auni Fuwarto Riko ta cancanci unguwarta a bakin tabkin Filorida, da sharaɗin ƴaƴanta ne za su zana ta, ga su nan ma da yawa zaune a kewayen Orlando. In kuwa kamfani ne zai zana musu rairayin bakin teku da kwakwa ya ce ga ku nan, to sun samu irin rumfarmu ta 1931.

Sharaɗi na biyun nan a kanmu yake faɗawa, ƴan'uwa ɗalibai, kuma shi ya fi nauyi. In gobe aka ce ga fili, ku zo ku nuna Agadas, mu nawa ne za su iya lissafa unguwanni 11 ba tare da sun duba waya ba? Mu nawa suka san abin da ake faɗa cikin kiɗan Biyanu, ko sunan kayan aikin magini? Ambaliyar 2009 ta rushe gidaje masu yawa a garin nan, kuma duk damina wasu na zubewa a tsohon gari, masu su na mayar da siminti don yaɓe ya yi tsada, magina kuma suna tsufa. Emgedesi ya tafi ba a rubuta shi ba sai abin da baƙo ya tsinta. Hausarmu ta Agadas, da kalmominta da ba a ji a Kano ko Yamai, tana bin hanyar nan a hankali, don mu kanmu in mun je kudu gyara baki muke kada a yi mana dariya.

Ina roƙon kowane ɗan ƙungiyar nan da zai je gida hutu ya ɗauki kaye da bik ya zauna wurin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a unguwarsu. Ya rubuto ma'anar sunan unguwar, da kalmomi ashirin da ba ya jin su a rediyo, da yadda ake sana'a guda daga farko har ƙarshe. Mu tara su a fitowa ta gaba, ko da shafi goma ne, mu kai fotokopi. Ni na ɗauki magina, kuma na riga na nemi tsohon da ya yi yaɓen hasumiya tare da kakana. Ya ce in zo bayan la'asar, in kuma taho da goro.